Zauren da Ya Maƙale a Makiyayar Dunstone

Mutum bakwai ne suka gina zauren garin Kurrabil a shekarar 1891, cikinsu har da mahaifin Ottilie Nuske. Da katako suka yi shi, suka rufa kwano, suka raba shi gida biyu. Ƙaramin ɗakin gaba na majalisar gunduma ne, inda kansiloli tara ke zama sau ɗaya a wata su yi ta musu a kan hanyoyi da ɓarnar zomaye. Babban ɗakin baya kuwa na kowa ne, da dandamalinsa da jan labulensa da fiyanon da aka kawo daga Melbourne a kan amalanke. A nan ake ɗaurin aure, a nan ake rawa, a nan likitan haƙori ke kafa kujerarsa idan ya zo gari. A nan kuma Ottilie, wadda kowa ke kira Tilly, take shirya wasan kwaikwayo duk shekara kafin girbin alkama. Ita ke riƙe da gidan waya. Mijinta ya daɗe da rasuwa, 'ya'yanta sun yi aure sun watse, saboda haka wasan nan shi ne ɗanta na goye.

Jirgin ƙasa ne ya zo ya ɓata lissafi. Masu shimfiɗa layin dogo suka kauce wa rafin da garin yake bakinsa, suka kafa tasha mil huɗu daga gabas, a wani fili da ko inuwar kare babu. Kanti ya fara komawa can, sai maƙera, sai otal. Aka wayi gari Kurrabil ta zama biyu: Kurrabil Rafi mai tsofaffi da maƙabarta da gidan waya da zaure, da Kurrabil Tasha mai duk sauran.

Wata Talata a cikin watan Oktoban 1924, Horace Pilkington, mai babban kanti a Tasha kuma shugaban majalisa, ya shigo gidan waya ya tuɓe hularsa.

“Tilly, gara ki ji daga bakina. Majalisa ta yanke magana jiya, biyar da huɗu. Za a ɗauke zauren a kai shi Tasha.”

Tilly ta ci gaba da buga hatimi a kan wasiƙu. “A ɗauke shi da me? A aljihun kwat ɗinka?”

“Barney Trewin zai ja shi da shanunsa. Ya ce mako guda a ɗora, kwana huɗu a hanya.”

“Wasa fa saura mako uku.”

“Shi ya sa. A Tasha za a yi shi.”

“An riga an manna sanarwa, Horace. An ce a zauren gari, Asabar, ƙarfe biyu na rana. Ba inda aka ce Tasha.”

“Ba inda aka ce Rafi ma.”

Ta ɗago kai ta dube shi ta saman tabarau. “Ka haddace shafi na tara?”

Horace ya yi gyaran murya. Shi ne zai fito a matsayin alƙali a wasan, kuma duk duniya ba abin da yake so kamar hular gashin tunkiyar da aka ɗinka masa. Ya ce yana kai, saura kaɗan.

“To je ka haddace. Gwaji kullum ƙarfe uku, a cikin zaure. Ko a sama kuka rataye shi, a ciki za mu yi.”

Barney Trewin ajinsu ɗaya da Tilly a makaranta, kuma tun lokacin ita ke yi masa lissafi. Yanzu ya zama wani ƙaton mutum mai jan gemu, da shanu ashirin da takwas da bulala mai tsawon igiyar guga. Ya zo da mutanensa suka ɗaga zauren da jak, suka zura manyan gungume biyu a ƙarƙashinsa, suka ɗora a kan tayoyin ƙarfe masu faɗin tebur. Duk wannan mako Tilly ba ta fasa gwaji ba ko sau ɗaya. Da ƙofar ta yi sama, sai ta sa aka kafa tsani, mata suka riƙa tattare siket suna hawa.

Ranar tashi, duk Rafi ta fito bakin hanya kamar masu rakiyar gawa. Tilly ta zo tun da safe da mata shida na cikin wasan, ta ce akwai ɗinkin kaya da yawa, a ciki za su wuni. Suka hau suka zauna bakin tagogi da allura da zare. Barney ya jera shanunsa biyu biyu, ya kaɗa bulala, ya buɗe baki, sai ya hango hulunan mata a taga. Ya rufe bakin.

“Kyaftin, Gwamna,” ya ce da shanu biyun gaba cikin wata irin murya ta mai ba da haƙuri, “haba 'yan'uwa, mu je mana.”

Kyaftin ya juyo ya dube shi. Gwamna ya sa baki a ciyawa.

Ran nan gaba ɗaya zauren bai wuce tsawon kansa ba. Kashegari ma haka. Tilly ba ta daɗe ba ta gane inda matsalar take. Sai ma ta gayyato matar limamin coci ta zo ta taya su ɗinki, ta ba ta tagar da ta fi kusa da shanun.

A rana ta uku da safe Barney ya hau tsanin, ya leƙo da hularsa a hannu, ya ce yana son magana da ita a keɓe.

“Tilly, ki ji tsoron Allah. Shanun nan ba sa jin ‘don Allah’. Tun suna maruƙa da wani yare na rene su, kuma yaren nan ba a yin sa gaban mata.”

“To ni me ya shafe ni? Ɗinki muke yi.”

“Jiya a otal an ce in sayar da su in sayi agwagi. Shekara talatin ina wannan aiki ba a taɓa yi mini dariya ba. Ba ni na kaɗa ƙuri'a ba, Tilly. Aiki aka ba ni.”

Ta dube shi. Gemun nan har ya yi laushi. Ta tuna ranar da aka binne mijinta, Barney ne ya zo da asuba ya haƙa kabarin shi kaɗai a ƙasa mai taurin dutse, bai jira an roƙe shi ba.

“Ba za mu sauka ba,” ta ce. “Amma zan kaɗa fiyano. Da ƙarfi. Abin da kunnena bai ji ba, ba ruwana da shi.”

Haka aka yi. Tilly ta zauna ta danna fiyano iya ƙarfin yatsunta, mata suka ɗauki waƙar coci, a waje kuma Barney ya cika huhu ya gaya wa Kyaftin da Gwamna ainihin abin da yake zato game da su da iyayensu da kakanninsu. Shanu suka miƙe wuya kamar sun ji muryar gida. Sarƙa ta yi ƙara, katako ya yi kuka, zaure ya kama hanya. Matar liman ta ce daga baya ba ta ji komai ba, sai dai an lura ita ta fi kowa ɗaga murya a daidai wuraren da ya kamata.

Amma an yi asarar kwana biyu, ga wata ƙaramar gada a gaba wadda sai an ƙarfafa ta kafin zaure ya hau. Horace ya ga lokaci na ƙurewa, sai ya kawo shawara a yanke ta makiyayar Cuthbert Dunstone, a kauce wa gadar, a rage rabin mil.

Dunstone manomi ne mai tumaki dubu biyu, dogo, busasshe, mai wa'azi a cocinsu duk ranar da liman ba ya nan. A wurinsa wasan kwaikwayo ƙarya ce da aka sa wa riga, rawa kuma ƙanwarta. Ba wanda ya taɓa ganin haƙoransa sai likitan haƙori. Tsakaninsa da Horace kuwa akwai tsohuwar jiƙaƙƙiya, domin shekara goma sha ɗaya ke nan majalisa tana alkawarin gyara hanyar da ta wuce ƙofar gidansa. Ya saurari Horace har ya gama, sannan ya ce:

“Kwana ɗaya. Ku kwance shinge ku mayar yadda kuka same shi. Ba kiɗa a ƙasata, ba ashar a ƙasata. Zan tsaya in gani da idona.”

Ya kuwa tsaya. Ranar Juma'a da aka shiga makiyayar, Dunstone na kan dokinsa daf da Barney, kamar inuwarsa. Tilly ta sauko da matanta suka bi gefe a ƙasa don a ba Barney sarari, amma ina amfani, ga mai wa'azi a gefen kunnensa. Barney ya gwada raɗa wa Kyaftin magana a kunne. Ya gwada tari mai kama da zagi. Shanun suka riƙa tafiya kamar masu bin amarya. La'asar ta yi suna tsakiyar fili, a wani ɗan kwari, mil biyu daga Rafi, mil biyu daga Tasha.

A nan hadari ya same su. Wata bakwai rabon ƙasar da ruwan kirki, sai ga shi ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya. Mata suka ruga suka hau tsani, sai malamar makaranta, Mis Lorna Quilty, da ta tsaya kama hularta da iska ta ɗauke, ta jiƙe sharkaf. Kwana uku ana yi. Da gari ya washe ran Litinin, tayoyin gefen hagu sun nutse har wuya, na dama rabi. Zauren ya karkace kamar tsohon da ke sauraren magana da kunne ɗaya.

Mutanen garuruwan biyu suka zo kallo a kan dawakai da kekunan doki, kowa ya tsaya ta ɓangarensa.

“Ga zaurenku nan, ku ɗauka mana,” in ji wani tsoho daga Rafi.

“Ku ne kuka yi masa baki,” in ji na Tasha.

“Ba baki ba ne, hankali ne da shi. Ya hango garinku ya ja birki.”

Dunstone ya zo ya zagaya zauren sau biyu a kan doki, ya tsaya gaban Horace. “Kwana ɗaya na ce.”

“Mista Dunstone, ruwan sama ba majalisa ce ta yi shi ba.”

“Na sani. Da majalisa ce, da har yanzu ana alkawari.”

Barney ya soka sanda a ƙasa ta shige har hannu, ya ce ko shanu ɗari aka kawo ba abin da zai motsa sai ƙasa ta sha iska.

Tilly dai ƙarfe uku na yi ta zo a keken dokinta, ta sa aka shimfiɗa katakai a kan taɓo har bakin tsani. Dunstone ya tare ta.

“Misis Nuske, na ce ba kiɗa a ƙasata.”

“Ba a ƙasarka nake ba, Mista Dunstone. A daɓen majalisa nake, ƙafa huɗu sama da ƙasarka. In ƙafata ta taɓa ciyawarka zan yi shiru.”

Ya daɗe yana nazarin wannan magana. Mutum ne mai bin ƙa'ida ko da ta cije shi. Ya juya dokinsa ya tafi wurin tumaki.

Gidan Dunstone bai fi jifa uku daga wurin ba. Ran nan ana cikin gwaji sai ga matarsa, Effie, ta hawo tsani da kwandon kek mai zafi da butar shayi. 'Yar ƙaramar mace ce mai magana ƙasa-ƙasa, wadda a shekara ashirin ba a taɓa jin ta ce wani abu da ya wuce gaisuwa da farashin ƙwai ba. Ta ce ba daidai ba ne mutane su kasance a ƙofar gidanta ba a ba su ko shayi ba. Ta ajiye, amma ba ta tafi ba. Ta tsaya jikin ƙofa har aka tashi. Talata ta dawo, Laraba ma.

Wasan Tilly ce ta rubuta shi. Labarin wata gwauruwa ce da aka kai ƙara gaban alƙali don akuyarta ta cinye takardar filin maƙwabcinta, alƙalin kuma ya fi damuwa da hularsa a kan shari'ar. Mis Quilty ce gwauruwar. To tun dukan ruwan nan take fama da mura, ran Alhamis kuwa ta buɗe baki sai iska. Ta yi ta nuni da hannu tana hawaye.

Tilly ta zauna a kujerar fiyano ta dafe kai. Saura kwana biyu, shafi talatin da ɗaya. Horace, don ya nuna shi dai ya haddace nasa, ya gyara hula ya karanto layinsa: “Ke mace, kin san gaban wa kike tsaye?”

Daga bakin ƙofa wata siririyar murya ta amsa: “Na sani, ranka ya daɗe. Gaban tunkiyar da ta mutu ta bar maka gashinta.”

Kowa ya juya. Effie Dunstone ta rufe baki da hannu, fuskarta ta yi ja.

“Misis Dunstone,” in ji Tilly a hankali, “me ke bin wannan?”

Ta faɗa. Tilly ta tsallaka shafi biyar ta ja mata wani layi, ta ƙarasa. Ta koma baya, ta ƙarasa. Ashe kwana ukun nan da take tsaye da buta a hannu, ta kwashe wasan kaf, har da inda Mis Quilty ke yin kuskure.

“Ba zai yiwu ba,” in ji Effie. “Cuthbert.”

“Me kika gaya masa kina yi a nan?”

“Shayi.”

“To ran Asabar ma akwai shayi. Ba ƙarya a ciki. Gwauruwar ma tana zuba wa ɗan sanda shayi a kashi na biyu.”

Effie ta murza bakin gyalenta. Can ta ce, “Lemar da ake dukan alƙali da ita, ta gaske ce?”

“Ta gaske ce.”

“Ina da wadda ta fi ta ƙwari a gida.”

Ran Asabar rana ta fito tas. Tun sha biyu kekunan doki suka fara jeruwa a bakin shinge, daga gabas da yamma. Ba a taɓa tara jama'a haka ba, domin 'yan Rafi sun zo su nuna har yanzu zaurensu ne, 'yan Tasha sun zo su nuna ya zama nasu, sauran kuma sun zo ganin yadda ake wasa a ɗakin da ya karkace. Barney ya buga ƙusa a ƙafar kowane benci, ya sa wa tayoyin fiyano waigi don kada ya gangara. Duk da haka wanda ya zauna a dama sai ya tsinci kansa jingine da na hagunsa, har aka ga mutanen da suka shekara ba sa ga-maciji kafaɗa da kafaɗa. Dunstone bai shigo ba. Ya tsaya a kan dokinsa a waje, wai yana tsaron kada a taka masa ciyawa, kuma da yake zauren na kan tayoyi, kansa ya zo daidai da tagar gefen hagu.

Aka ja labule. Kashi na farko ya tafi lami lafiya, ban da akuyar, wadda aka aro ta gaske, da ta ƙi cin takardar da aka shafa wa zuma ta koma cin igiyar labule. Da Effie ta fito cikin baƙar riga da lema a hannu, ɗakin ya yi tsit. Tilly ta saci kallon taga. Dunstone ya miƙe a kan sirdi kamar an soka masa allura.

Layin farko da ƙyar aka ji ta. Na biyu ya fito. A na uku, da ta gaya wa alƙali maganar tunkiya, ɗakin ya fashe, kuma daga nan wata mace daban ce ke kan dandamali. Ta riƙe ƙugu, ta kwaikwayi tafiyar Horace, ta jira dariya ta lafa kafin ta saki na gaba kamar wadda ta shekara ashirin tana yi. Horace ya fara gumi a ƙarƙashin gashin tunkiya.

A kashi na ƙarshe alƙali ya yanke wa akuya hukuncin ɗauri, inda gwauruwa za ta ɗaga lema ta buge shi sau ɗaya a kafaɗa, a hankali, sai a sa kiɗa. Tilly ta sa kiɗa. Tana cikin dannawa waigin ya zame, fiyano ya kama gangara zuwa bangon hagu. Ba ta saki ba. Ta tashi tsaye ta bi shi taki-taki tana kaɗawa, har Barney ya taso daga bencin gaba ya tare shi da kafaɗa, ya ce wani abu da Kyaftin da Gwamna kaɗai ya kamata su ji. Teburin alƙali ma ya bi sahu. Horace ya rasa abin ɓuya, ga Effie a kansa.

Ta buge shi na cikin takarda. Sannan ta ƙara wani da babu shi a takarda.

“Wannan na akuyata ne,” ta ce. “Wannan kuma na hanyar ƙofar gidana. Shekara goma sha ɗaya, ranka ya daɗe. In ƙirga maka su ɗaya ɗaya?”

“Misis Dunstone, babu wannan a shafi na talatin,” in ji Horace, yana kare hula da hannu biyu.

“Ɗaya,” in ji Effie.

Ta kai huɗu lokacin da aka ji wani sauti daga taga, kamar ana jan tsohuwar ƙofa mai tsatsa. Mutane suka waiga. Cuthbert Dunstone ne ke dariya. Ya kife a wuyan doki yana dukan cinyarsa, hawaye na bin kumatunsa. Dokin, da bai taɓa jin wannan abu daga ubangidansa ba, ya firgita ya zabura da shi, aka hango su sun nufi wajen tumaki. Tilly ta yi wa mai labule alama, amma akuya ta riga ta gama da igiya, saboda haka 'yan wasa suka rusuna kawai suka sauka.

Ran Litinin ranar zaman majalisa ce, doka kuma ta ce a ɗakin majalisa za a zauna, duk inda yake. Kansiloli tara suka hau tsani suka zauna a karkace, magatakarda na riƙe da kwalbar tawada a hannu. Tilly ta zo wai kwashe kayan wasa, ta bar ƙofar tsakani a buɗe. Aka kira Barney. Ya ce ƙasa ba za ta ɗauki nauyi ba sai nan da wata guda, lokacin kuma girbi ya kama, shanunsa na jigilar alkama har Fabrairu. Aka fara musu. Ana cikin haka Dunstone ya hawo, fuska a murtuke kamar ba shi ne na ran Asabar ba.

“Ku bar shi inda yake,” ya ce. “Na ba gunduma eka ɗaya. Sharaɗi biyu: ba rawa ran Lahadi, kuma a gyara hanya, tunda yanzu hanyar majalisa ce.”

Horace ya ce Tasha ta riga ta share fili, har an kafa tubali. Wani kansilan Rafi ya ce mil biyu ya fi mil huɗu. Wani na Tasha, wanda gonarsa ke maƙwabtaka da ta Dunstone, ya ce shi dai da ƙafa ma zai riƙa zuwa taro. Aka ɗaga hannu, biyar da huɗu. Horace ya shafa kafaɗarsa, wadda har yanzu take masa tsami, ya ce a rubuta.

Bayan girbi Barney ya dawo da jak, ya zare tayoyinsa, ya sauke zauren a kan sababbin turaku. Hanya ta sami tsakuwa kafin hunturu. Daga baya aka share filin ƙwallo a gefe, aka dasa itatuwa, masu majigi suka fara zuwa duk mako biyu, Tilly na kaɗa musu fiyano. Wurin ya sami suna Tsakiya, ko da yake ba a taɓa rubuta shi a taswira ba.

A Rafi kuwa abin da ya rage matakala ce ta dutse guda uku, waɗanda mahaifin Tilly ya sassaƙa, suna hawa zuwa sarari. Makon farko ba ta iya bin ta wajen ba, sai ta zagaya ta bayan coci. Daga baya ta saba, har takan zauna a ta sama da yamma ta yi gyaran rubutun wasa.

Cikin watan Agusta na shekarar da ta biyo, tana gidan waya, Dunstone ya shigo ya sayi kan sarki guda ɗaya. Ya biya, ya sa a aljihu, bai tafi ba. Ya karanta sanarwar maganin wankan tumaki da ke jikin bango tun daga sama har ƙasa.

“Misis Nuske, Effie ta ce kin fara rubuta na bana.”

“Na fara.”

“Ni dai ra'ayina a kan abin nan bai sauya ba.”

“Na sani, Mista Dunstone.”

“Sai dai tunda kullum ni zan kawo ta in mayar da ita, zaman banza a waje ba shi da kyau ga mutum.” Ya juya hularsa a hannu. “In akwai wani wanda ba ya magana da yawa. Kuma ba ya faɗin ƙarya.”

Tilly ta yi tunani. “Akwai mai gadin kurkuku. Layi ɗaya gare shi. Zai kama Horace a wuyan riga ya ce, ‘Wuce mu tafi.’”

Dunstone ya motsa leɓe yana gwadawa a ransa.

“Sau nawa ake gwajin wurin?”

“Har sai ya yi kyau.”

Ya sa hularsa, ya ce ƙarfe uku ya yi masa daidai, tumaki sun sha ruwa lokacin.